Wayar Eriya: Layi Ɗaya Mai Kai Saƙo da Kawowa, da Dalilin Auna Shi Kafin a Biya

Nguru (Jihar Yobe) — A shekarar 1930 ne layin dogo da ya taso daga Kano ya iso garin Nguru, bayan ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, tafiyar kimanin kilomita 230. Layi ɗaya ne tilo, amma shi ya riƙa kwasar gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da shanu zuwa kudu, shi ne kuma ya riƙa kawo gishiri da kananzir da yadudduka zuwa wannan yanki. Abubuwa biyu ne ke sa layi ɗaya ya ɗauki jirgi mai tafiya da mai dawowa lami lafiya. Na farko, direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai an ba shi izini. Na biyu, akwai leburori da ke bin layin a ƙasa suna duba kusoshi da mahaɗan ƙarfe.

A yau akwai wani layin tilo da harkokin kasuwanci a Nguru da Gashuwa ke bi ta kansa, ko da yake ba kasafai ake kula da shi ba. Ita ce wayar nan mai kauri kamar fensir, baƙa ko fara, da ke saukowa daga faifan tauraron ɗan Adam zuwa dikoda, ko daga kyamarar tsaro zuwa akwatin naɗar hoto. Jama'a na kiranta wayar eriya ko wayar dish, injiniyoyi kuma na ce mata kowaks. Ita ma tana kai saƙo tana kawowa, ita ma tana da dokar ba da hanya, kuma ita ma tana bukatar mai dubawa. Sau da yawa ɗan kasuwa kan zuba dukiya wajen sayen talabijin da dikoda da janareta da faranti mai amfani da hasken rana, sa'an nan ya haɗa su duka da waya mafi araha a kasuwa, wadda ba wanda ya auna ta.

Yadda aka ƙera ta

Idan aka yanka wayar, za a ga abubuwa huɗu. A tsakiya akwai zare ɗaya na jan ƙarfe, wato zuciyar wayar. Farar roba ta kewaye shi. A bayan robar akwai raga ta siraran wayoyi, wani lokaci haɗe da fallen alminiyam, sa'an nan rigar roba ta rufe su duka. Saƙo na tafiya ne a tsakanin zuciyar da ragar, ita kuma ragar tana hana shi tsiyayewa waje, tana kuma hana hayaniyar janareta da injin niƙa da na walda shiga ciki.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani masani ɗan Ingila, Oliver Heaviside, ya yi rajistar ta a 1880. A 1929 injiniyoyi biyu na kamfanin tarho na Amurka, Lloyd Espenschied da Herman Affel, suka fito da fasalin da ya dace da aikin sadarwa na zamani. A 1956 kuwa, da irin wannan waya aka shimfiɗa layin tarho na farko a ƙarƙashin tekun Atlantika, tsakanin Birtaniya da Kanada, wanda ya fara da ɗaukar hira 36 a lokaci guda.

Akwai wata lamba da ya kamata mai saye ya sani, wadda ake faɗa da ma'aunin om. Wayoyin talabijin da tauraron ɗan Adam da kyamara, irin su RG-6 da RG-59, masu om 75 ne. Wayoyin rediyon oba-oba da turakun wayar salula da tsohuwar hanyar haɗa kwamfutoci, irin su RG-58, masu om 50 ne. Lambar tana fitowa ne daga kaurin zuciyar, da tazarar da ke tsakaninta da ragar, da kuma irin robar da ke tsakani. Saboda haka idan aka danne waya da ƙusa, ko aka lanƙwasa ta a kusurwar bango, ko aka haɗa mai 50 da mai 75, lambar ta canza a wannan wuri. Da zarar saƙo ya iso gun, wani kaso daga cikinsa zai juyo baya kamar amsa-kuwwa, ya haɗu da wanda ke tafe, su ɓata juna.

Dabarar farko: karɓa-karɓa

Hanya biyu ce ake bi a sa waya ɗaya ta kai saƙo ta kuma kawo. Ta farko ita ce ta layin dogo, wato kowa ya jira lokacinsa. A 1973 Robert Metcalfe da abokan aikinsa a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya suka ƙirƙiro tsarin haɗa kwamfutoci da aka sani da Ethernet. A farkon al'amari duk kwamfutocin ofis kan rataya ne a jikin waya ɗaya. Mai kaurin, 10BASE5, tana kaiwa mita 500. Siririyar, 10BASE2, wadda aka amince da ita a 1985, tana kaiwa mita 185, kuma tana ɗaukar kwamfutoci har 30.

Dokar tsarin kamar ta zaman majalisa ce. Kowace kwamfuta takan saurara kafin ta yi magana. Idan layi shiru, sai ta aika saƙonta. Idan biyu suka fara tare, kowace za ta gane an yi karo, su dakata, kowace ta jira ɗan lokaci dabam, sa'an nan su sake gwadawa. A kowane ƙarshen wayar kuma tilas a ɗaura wani ɗan murfi mai om 50 da ke shanye saƙon da ya kai ƙarshe don kada ya dawo. Raunin tsarin shi ne, idan murfi ɗaya ya kwance, ko mai shara ya fizgi waya a ƙarƙashin tebur, duk ofishin ne zai tsaya cik. Wannan na cikin dalilan da suka sa, daga 1990, aka koma ga wayar da ke da siraran zaruruwa a murɗe, inda kowace kwamfuta ke da nata layin. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, mai tsara ƙa'idojin, ta daina ba da shawarar shimfiɗa mai kaurin a 2003, siririyar kuma a 2011.

Amma dabarar raba lokaci ba ta mutu ba. Daga wajajen 2012 zuwa 2014 kamfanoni irin su Dahua da Hikvision suka fito da kyamarorin tsaro masu aika hoto tangaram ta kan wayar eriya, har tsawon ɗaruruwan mita idan wayar mai kyau ce. A ɗan gajeren shirun da ke tsakanin hoto da hoto, akwatin naɗar hoto yakan aika wa kyamara umarni cewa ta juya, ko ta jawo hoto kusa. Hoto na saukowa, umarni na hawa, duk a kan zare ɗaya.

Dabara ta biyu: raba zango

Mai sauraron rediyo ya san tashoshi da yawa na tafiya a iska guda ba tare da sun cakuɗe ba, domin kowace da zangonta. Haka ake yi a cikin waya. A Amurka, inda aka shimfiɗa wayar talabijin gida-gida, an fito da tsarin DOCSIS a 1997 don shigar da intanet ta cikinta. Saƙon da ke fita daga gida aka ba shi ƙaramin zango, daga megahaz 5 zuwa 42, wanda ke shigowa kuma aka ba shi daga 54 zuwa sama. Nijeriya ba ta shimfiɗa irin wannan waya a unguwanninta ba. Talabijin na biya ya yaɗu ta tauraron ɗan Adam, musamman bayan fitowar DStv a 1995.

To a nan ne mutumin Nguru ke haɗuwa da dabarar kullum, ko da bai sani ba. Ƙwayar da ke gaban faifan dish, wadda ake kira LNB, ba ta da nata lantarki. Dikoda ce ke tura mata wuta ta cikin wayar, kuma da wannan wutar take ba ta umarni. Idan ta tura bolt 13, ƙwayar za ta kama tashoshin da siginarsu ke zuwa a tsaye. Idan ta tura bolt 18, sai ta kama masu zuwa a kwance. Idan ta ɗora wani ɗan sauti mai kilohaz 22 a kan wutar, sai ƙwayar ta koma babban zango. Su kuwa tashoshin, suna saukowa ne a tsakanin megahaz 950 da 2150. Masu faifai biyu ko uku a rufi ɗaya kuma, wani ɗan akwati ne ke zaɓa musu faifan da za a kalla, bisa tsarin DiSEqC na kamfanin Eutelsat, wanda ke kakkatse wancan sautin ya mai da shi haruffan umarni. Kashi na biyu na tsarin har yakan bar akwatin ya mayar wa dikoda da amsa.

Inda dukiya ke rataye

Kafin zuwan wayar salula ta GSM a watan Agustan 2001, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan duka a hannun NITEL suke. Bankuna da shagunan intanet a garuruwa masu nisa da manyan layuka sun dogara ƙwarai da faifan VSAT, mai aika saƙo kai tsaye zuwa tauraron da ke sama da nisan kimanin kilomita 36,000. Tsakanin faifan da na'urar da ke cikin ofis, wayar kowaks ce, galibi guda biyu, ɗaya ta aikawa ɗaya ta karɓa. A turken wayar salula ma haka abin yake. A tsofaffin turaku, kowaks mai kaurin gaske ce ke hawa daga ɗakin na'urori zuwa eriya. A sababbi, wayar gilashi ta karɓi yawancin tafiyar, amma gajerun kowaks ne ke ƙarasa haɗa rediyon da eriya. Ke nan duk kuɗin da mai POS ya tura daga kasuwar Nguru, sai sun bi ta cikin irin wannan waya.

Mutanen Yobe ba sa bukatar a gaya musu darajar layin sadarwa. Idan ba a manta ba, bayan da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, an katse wayar salula a jihar har zuwa watan Yuli. Fataken kifi da dabbobi da ƙaro, waɗanda suka saba jin farashin Kano da Legas kafin su ɗora kaya a mota, sun ɗanɗana kuɗarsu. Haka nan ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura masu saye da sayarwa da dama ga biyan kuɗi ta waya.

A ƙananan sana'o'i asarar ta fi fitowa fili. Mai gidan kallon ƙwallo da hotonsa ya tsaya ana tsakiyar wasa zai mayar wa 'yan kallo kuɗinsu, ga man janareta ya ƙone, ga kuɗin wata na dikoda ya riga ya biya, ga shi kuma gobe matasan za su tafi gidan maƙwabcinsa. Mai kanti ko mai sito da aka yi wa sata, idan ya je duba hoto ya tarar kyamara ta kwana uku tana aika dusa, ya yi asara biyu. Masu otal a Gashuwa, inda baƙi suka ƙaru tun kafa Jami'ar Tarayya a 2013, suna raba sigina ɗaya zuwa ɗakuna da yawa, kuma mahaɗi ɗaya da ya lalace yakan isa ya ɓata hoton jerin ɗakuna.

Abokan gabar waya

Ko waya mai kyau tana cinye sigina. A zangon da tauraron ɗan Adam ke amfani da shi, RG-6 takan rasa kimanin rabin ƙarfin sigina a kowace mita 10 zuwa 15. Saboda haka kowace mitar da aka ƙara ba gaira ba dalili, da kowane mahaɗin da aka yi a tsakiya, suna rage abin da ke isa dikoda.

Yanayin wannan yanki kuma ba ya raga wa roba. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Nguru yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a kan rufin kwano. Rigar waya mai araha takan bushe ta tsattsage. Hunturu ya cusa ƙura a cikin mahaɗi. Idan damina ta sauka daga Yuni zuwa Satumba, ruwa kan shiga ta tsagar, ragar ta tsotse shi kamar lagwani, ta yi tsatsa tun daga ciki alhali a waje ba a ga komai ba. Ga kuma ɓeraye a cikin silin.

Sai kuma ha'inci, da abin da ke kama da ha'inci. Yawancin RG-6 da ke kasuwa zuciyarta baƙin ƙarfe ce da aka shafa wa jan ƙarfe. Wannan ba lallai ne ya zama jabu ba, domin sigina mai babban zango a fatar zaren yake tafiya. Matsalar ita ce wutar da dikoda ke turawa, wadda ke bukatar dukkan kaurin zaren. Irin wannan zuciya tana tauye wuta ninki huɗu zuwa biyar fiye da tsantsar jan ƙarfe. Idan waya ta yi tsawo, bolt 18 kan isa ƙwayar a raunane, sai ta ɗauka 13 aka turo mata. Sakamakon shi ne wasu tashoshi na fitowa, wasu sun ɓace, mai gida kuma ya yi ta canza dikoda da ƙwaya, alhali laifin na waya ne. Kyamarar tsaro ma ta fi son tsantsar jan ƙarfe da raga mai yawa. Ha'inci na zahiri kuwa shi ne raga mai 'yan zaruruwa ƙalilan, da nadin da bai cika ba. Ya kamata a tuna yadi 100 mita 91 ne da 'yan kai, babban ganga mai ƙafa 1000 kuma mita 305 ne. Hukumar Tabbatar da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ce doka ta ɗora wa alhakin sa ido a kan irin waɗannan kaya, amma araha ba ta ado, kuma idon mai saye ne katanga ta ƙarshe.

Awo kafin biya

Gwajin farko ba ya bukatar na'ura. A feƙe ɗan bakin wayar a gaban mai kanti. Idan ana hango farar roba sosai ta cikin ragar, ragar ta yi kaɗan. A kusanto da maganaɗisu. Idan ya kama zuciyar, baƙin ƙarfe ne. Idan bai kama ba, a kankare ta da wuƙa. In fari ya fito daga ciki, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe.

Gwaji na biyu na maltimita ne, wato na'urar awon da kowane mai gyaran rediyo ke da ita. A kashe dikoda, a cire wayar daga ɓangarorin biyu, a ɗora tsinke ɗaya a zuciya ɗaya a raga. Bai kamata na'urar ta nuna sun haɗu ba. In ta nuna, to akwai siririn zaren raga da ya taɓa zuciya, galibi a cikin mahaɗi, kuma wannan kan iya ƙona sashen wutar dikoda. Bayan haka a haɗe zuciya da raga a can ɗaya ƙarshen, a sake aunawa. Yanzu ya kamata a ga ƙaramar lamba. In ba a ga komai ba, waya ta tsinke a wani wuri. A zamanin siririyar Ethernet, ma'aikata kan auna a tsakiyar layi. Om 25 na nufin murafan biyu na nan lafiya, om 50 kuwa na nufin ɗaya ya ɓace ko waya ta yanke.

Gwaji na uku shi ne a auna wutar a can bakin ƙwayar, a kan rufi, a canza tasha a ga ko tana sauyawa tsakanin 13 da 18. Sa'an nan a duba allon dikoda, inda akwai layi biyu, na ƙarfin sigina da na ingancinta. Na ingancin ne abin lura. Yana da kyau a gwada da gajeriyar waya kusa da faifan, a kwatanta da abin da ake samu a cikin ɗaki. Bambancin da aka gani, waya ce ta cinye shi.

Maltimita na da iyaka. Ba ta ganin inda aka danne waya, ko inda ruwa ya fara shiga. Wannan aikin wata na'ura ce da ake kira TDR, mai amfani da amsa-kuwwa. Takan harba ɗan gajeren bugu cikin waya ta jira dawowarsa. A cikin RG-58 sigina na gudu da kimanin kashi 66 cikin 100 na saurin haske, wato kusan mita 200 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Idan bugun ya dawo bayan wannan lokaci, ya yi mita 200 zuwa da dawowa, saboda haka matsalar na mita 100 daga inda aka tsaya. Idan ya dawo a yadda ya tafi, waya ta tsinke. Idan ya dawo a kife, zuciya da raga sun haɗu. Ga mai otal da ya binne waya a bango, wannan na nufin fasa wuri ɗaya maimakon fasa bango duka. Na'urar kuma tana faɗin tsawon nadi tun ba a warware shi ba. Ma'aikatan turakun salula suna da makamanciyarta, wadda ke auna yawan siginar da ke juyowa daga eriya.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Masu iya magana sun hana cinikin biri a sama, kuma waya da aka ɗaura a rufi ba a auna ba, biri ne a sama. Ɗan kasuwar da zai ba da aikin haɗa dish ko kyamara yana iya gindaya sharuɗɗa tun farko. A rubuta irin wayar da tsawonta a takardar ciniki. A ajiye guntun da aka feƙe a matsayin shaida. Wayar da za ta zauna a rana ta zama mai rigar da aka yi don waje, ko a sa ta cikin bututu. Kada a buga mata ƙusa, kada a karya ta a kusurwa. A naɗe mahaɗin waje da tef mai hana ruwa, a bar wayar ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. A haɗa faifan da ƙarfen da aka kafa a ƙasa saboda tsawa. A ƙarshe, a riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai ma'aikaci ya yi awo a gaban mai kaya, ya rubuta lambobin da ya samu.

Wannan takarda za ta yi amfani daga baya. Idan aka sake awo a ƙarshen bazara, kafin ruwan farko, aka ga lambobin sun fara sauka, za a canza mahaɗi ko guntun waya tun hoto bai ɗauke ba. Ga matasan Nguru da Gashuwa masu sana'ar haɗa dish kuwa, akwai kasuwa a nan. Wanda ya mallaki na'urar awo, ya kuma iya bayyana wa mai kaya abin da ta nuna, shi ne bankuna da otal-otal da makarantu za su fi amince wa da aikinsu.